Horar da Ma'aikatan Jinya Kan Duba Mara Lafiya a Asibitocin Maiduguri: Ina Matsayin Harshe?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san cewa likita zagaye yake yi. Yakan shigo da safe ya bi marasa lafiya gado-gado, ya yi rubutu a fayil, sannan ya wuce wani ɗakin ko ya shiga tiyata. Wanda ke wuni ya kuma kwana tare da mara lafiya shi ne ma'aikacin jinya, wato nas. Saboda haka idan jikin mutum ya fara rikicewa da ƙarfe biyun dare, abin da zai biyo baya ya danganta ƙwarai da ko nas ɗin da ke bakin aiki ya lura, kuma ya gane ma'anar abin da ya gani.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda ake horar da ma'aikatan jinya domin su ƙware wajen duba mara lafiya, tare da ɗaukar birnin Maiduguri a matsayin misali. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da allura da ma'aunin zafi? Amsar ita ce, kaso mai yawa na duba mara lafiya tambaya ce da sauraro, su kuwa waɗannan biyun da harshe ake yin su. A cikin maƙalar an zaɓi a yi amfani da "mara lafiya" maimakon "majinyaci", domin kalmar majinyaci a bakin Hausawa takan ɗauki wanda ke kwance, takan kuma ɗauki wanda ke kula da shi.

2.0 Ma'anar Duba Mara Lafiya

Littattafan koyon jinya sun kasa aikin nas zuwa matakai 5: duba mara lafiya, gano matsalarsa, tsara abin da za a yi masa, aiwatarwa, sannan a sake dubawa a ga ko an sami biyan buƙata. Matakin farko shi ne tushe, domin idan ya karkace sauran huɗun za su bi shi.

Duban ya ƙunshi abu biyu. Na farko shi ne abin da mara lafiya ko ɗan'uwansa ya faɗa da bakinsa: inda ke masa ciwo, yaushe ya fara, me ya sha, me ya ci. Na biyu shi ne abin da nas ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ko ya auna da na'ura. Tun a shekarar 1859 Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani, ta ware babi guda a littafinta a kan lura da mara lafiya, domin a ganinta babu darasin da ya fi shi muhimmanci ga mai koyon jinya.

3.0 Dalilin Buƙatar Horon a Maiduguri

Maiduguri gari ne mai manyan asibitoci. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri wanda aka buɗe a 1983, da Asibitin Ƙwararru na Jiha, da Asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu, da Asibitin Tunawa da Janar Mamman Shuwa, da kuma asibitin Tarayya na masu taɓin hankali. Amma tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, nauyin da ke kan waɗannan asibitoci ya ninka. Dubban ɗaruruwan mutane sun baro ƙananan hukumomi irin su Bama da Gwoza da Dikwa da Marte sun shigo birni. A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kashi ɗaya cikin uku na cibiyoyin lafiya fiye da 700 da ke Jihar Borno an rusa su ƙurmus. Wanda a da zai je ɗakin shan magani na ƙauyensu tun ciwo yana ƙarami, sai ya zama ba ya isowa asibiti sai ya galabaita.

Ga kuma annoba. A watan Agusta na 2017 cutar amai da gudawa ta ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garej, ta kama mutum fiye da 5,000 a jihar kafin a shawo kanta. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, har ya shiga Asibitin Koyarwa ya lalata kayan aiki, bayan haka kuma kwalara ta sake tasowa. Bugu da ƙari akwai tamowa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, da zafin bazara wanda kan haura digiri 40. Ƙungiyoyin agaji sun kawo ɗauki: ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren jinyar yara a unguwannin Gwange da Fori, ƙungiyar Red Cross ta duniya kuma ta kawo ayarin masu tiyata Asibitin Ƙwararru. Duk da haka, a irin wannan yanayi nas ɗaya yakan tsinci kansa a gaban layin mutane masu yawa, kuma dole ya yanke shawarar wanda za a fara gani.

4.0 Abubuwan da Ake Koyarwa

4.1 Tantance Layi

Al'adarmu a layi ita ce wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. A ƙofar sashen gaggawa wannan al'ada tana iya jawo asarar rai, domin yaron da ke can ƙarshen layi a bayan uwarsa, wanda ya daina kuka, mai yiwuwa ya fi kowa kusa da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lura cewa da yawa daga yaran da ke rasuwa a asibiti suna rasuwa ne a cikin awa 24 na farko. Don haka a 2005 ta fitar da wani kwas na tantance yara da ba su taimakon gaggawa. Ana koya wa nas ya raba yara gida uku cikin daƙiƙa 15 zuwa 20: wanda za a yi wa aiki nan take, wanda za a gabatar a kan sauran, da wanda zai iya jira.

An gina kwas ɗin ne a kan ƙwarewar da aka samu a ƙasar Malawi. A babban asibitin birnin Bilantaya, bayan an horar da ma'aikata an kuma sauya tsarin karɓar yara, mace-macen yaran da aka kwantar ya sauko daga kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari ya koma kashi 6 zuwa 8. Abin lura shi ne, horo da tsari ne suka kawo wannan sauyi a asibitin da ba shi da wadatar kayan aiki.

4.2 Bin Jiki Daki-daki

Ana koya wa nas ya bi jiki bisa jeri guda wanda ba ya sauyawa, yana farawa da abin da ya fi saurin kisa. Da farko hanyar iska, ko a buɗe take. Sai numfashi, sai gudanar jini, sai hayyaci, daga ƙarshe a buɗe jiki a duba ƙuraje da kumburi da rauni.

Kowane mataki yana da lissafinsa. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, zuciyarsa kuma tana bugawa sau 60 zuwa 100. Yara sun fi manya saurin numfashi, saboda haka iyakarsu daban ce: jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 60 ko fiye ya yi yawa, daga wata 2 zuwa shekara 1, sau 50, daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Ƙidayar numfashi ba ta buƙatar komai sai agogo da minti ɗaya cur, amma ita ce aka fi sakaci da ita a asibitocin duniya, alhali sau da yawa ita ke fara nuna cewa jiki zai rikice.

Wajen gudanar jini, nas yakan danna farcen mara lafiya har ya yi fari, ya saki. Idan launin ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba, ga hannu ya yi sanyi, jijiya tana bugawa da sauri ba ƙarfi, to akwai haɗari. Ga mai gudawa, akan tsunkuli fatar ciki. Idan ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, ga idanu sun zurma, ruwan jiki ya ƙare sosai. Wajen hayyaci akwai tambayoyi huɗu: idonsa biyu? Yana amsa kira? Sai an mintsine shi yake motsi? Ko ba ya motsi sam? Ga tamowa kuwa akwai wani ɗan tef mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani.

A ɗauka an kawo yarinya 'yar shekara 2, uwarta ta ce tari take yi kawai. Nas ya ƙirga numfashinta ya sami 56, ya ɗaga rigarta ya ga ƙasan ƙirjinta yana lotsawa duk lokacin da ta ja iska, aka ba ta ruwa ta kasa sha. Wannan yarinya ba ta layi ba ce, alamomin limoniya mai tsanani ne a tare da ita.

4.3 Launin Fata da Na'ura

Yawancin littattafan jinya a Turai da Amurka aka rubuta su, inda ake cewa mai ƙarancin iska fatarsa takan yi shuɗi, mai ƙarancin jini kuma takan yi fari. A jikin baƙin mutum waɗannan alamomi ba sa fitowa haka. Saboda haka ake koya wa nas ya duba tafin hannu da harshe da dasashi da cikin fatar ido. Ita kanta 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin a jini ba ta tsira ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 ya nuna cewa na'urar tana kuskuren ɓoye ƙarancin iska ga baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Darasin da ke nan shi ne, idan na'ura ta ce lafiya lau amma mutum yana haki, nas ya gaskata idonsa.

4.4 Rubutawa da Isar da Bayani

Awo ɗaya ba ya ba da cikakken labari, sai an jera shi da na baya. A 2012 ƙungiyar likitocin Ingila ta fito da wata takardar maki, aka sabunta ta a 2017, wadda ke tara awo 6: numfashi, iskar oksijin, hawan jini, bugun zuciya, hayyaci da zafin jiki. Idan jimlar maki ta kai 5 a kira likita da sauri, idan ta kai 7 abin ya zama na gaggawa. Amfaninta shi ne tana ba ƙaramin nas hujjar tayar da babban likita daga barci.

Har ila yau ana koyar da yadda za a faɗi maganar cikin gaɓoɓi huɗu: halin da ake ciki, tarihin ciwon, abin da nas ya gano, da abin da yake nema. Maimakon ya ce, "Likita, mai gado na 7 jikinsa ba daɗi," sai ya ce, "Likita, dattijon da ke gado na 7 ne, wanda aka yi wa aikin hanji shekaranjiya. Ƙarfe 10 numfashinsa 18, yanzu 28, jininsa ya sauka, ga zazzaɓi. Ina zargin ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Don Allah a zo a duba shi yanzu."

5.0 Matsayin Harshe

Duk abin da aka ambata a sama da Ingilishi ake koyar da shi, da Ingilishi ake jarrabawa, da shi kuma ake rubutu a fayil. Amma a bakin gado a Maiduguri, Kanuri ake ji da Hausa da Larabcin Shuwa da Babur da Margi da Fulatanci. Sau da yawa Hausa ce ke haɗa nas da mara lafiya, alhali dukansu biyu ba ita suka tsotsa ba. Ga kaɗan daga wuraren da ake tuntuɓe.

Na farko, gaisuwa. Idan aka ce da mutum "Ya jiki?" amsar da tarbiyya ta koya masa ita ce "Da sauƙi," ko da kuwa bai runtsa ba saboda azaba. Nas ɗin da ya rubuta cewa mara lafiya ya sami sauƙi bisa wannan amsa, gaisuwa ya rubuta. Ƙwararre yakan bari a gama gaisawa, sannan ya ce, "To Baba, yanzu faɗa mini yadda ka kwana. Ka sami barci? Nuna mini wurin da yatsa."

Na biyu, kalmomi masu fuska biyu. "Zuciyata tana tashi" amai ne ke taso wa mutum, babu ruwan zuciya a ciki. "Ciwon zuciya" yana iya zama cutar zuciya, yana iya zama baƙin ciki. "Sanyi" yana ɗaukar mura da ciwon gaɓoɓi da cututtukan al'aura. "Basir" a bakin jama'a ya haɗa matsaloli da dama na ciki da dubura. "Ciki" kansa tumbi ne, juna biyu ne kuma. Ga wanda ya koyi Hausa a kasuwa da makaranta, abu ne mai sauƙi ya ɗauki ma'ana ɗaya ya bar sauran.

Na uku, lokaci. "Kwana biyu ke nan yana fama" ba lallai awa 48 ake nufi ba, yana iya zama wata guda. Bambancin tarin kwana 2 da na mako 3 kuwa shi ne bambancin mura da zargin tarin fuka. Dabarar ita ce a ɗaure tambayar da abin da mutum ba ya mantawa: kafin Juma'ar da ta wuce ko bayanta? Kafin azumi ko bayan salla?

Na huɗu, sunayen ciwo. Hausa tana da wadata a nan: kai yana sarawa, ƙirji yana suka, ciki yana murɗawa ko ya ƙulle, ƙurji yana zogi, ƙuna tana raɗaɗi, jiki yana tsami. Kowace kalma tana nuni ga wani abu daban a jiki. Idan duka aka tattara su aka rubuta kalmar Ingilishi guda ɗaya a fayil, an zubar da bayanin da likita ke buƙata.

Na biyar, kunya da kara. Tambayar da amsarta "i" ce ko "a'a" takan sa mutum ya amsa abin da yake zaton ana so ya faɗa. Haka nan idan nas ya ɗaure fuska ya ce, "Kun ba shi jiƙe-jiƙe ko?" uwa za ta musa. Amma idan ya ce, "Iya, kafin ku taho me aka samu aka ba shi a gida?" sai ta lissafo. Matsalar takan ƙaru idan tafinta ɗan gida ne. Da wuya dattijuwa ta bayyana zubar jini ta bakin ɗanta namiji, da wuya kuma suruka ta yi bayanin abin da ya shafi matancinta a gaban uwar mijinta. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, don haka nas yana sauraron tafinta ne idonsa na kan mara lafiya.

6.0 Yadda Ake Gudanar da Horon

Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke tsara manhaja da ba da lasin. A Maiduguri ana koyon jinya a Jami'ar Maiduguri, inda digirin ke ɗaukar shekara 5, da makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa, da Kwalejin Jinya da Ungozoma ta jiha. Bayan kammalawa hukumar ta wajabta wa kowane nas halartar bitar ƙarin ilimi kafin a sabunta masa lasin.

Sai dai duba mara lafiya sana'ar hannu ce, ba a ƙwarewa a kanta da lacca kaɗai. Hanyoyin da suka fi tasiri su ne gwaji a jikin mutum-mutumin roba, da wasan kwaikwayo inda wani zai fito a matsayin mara lafiya, da kuma tsayuwar babbar nas kusa da ƙarama a bakin gado tana gyara mata nan take. Akwai kuma jarrabawar tasha-tasha wadda aka ƙirƙiro a Dandi ta ƙasar Sikotilan a shekarun 1970, inda ɗalibi ke zagaya tebura, kowane tebur da aikin da zai yi cikin 'yan mintoci, malami yana tsaye yana ba shi maki. Bita ta kwana 3 a otal, idan ba a bi ta da sa ido a ɗakin marasa lafiya ba, takan bi ruwa cikin 'yan watanni.

7.0 Matsaloli

Babbar matsala ita ce ƙarancin ma'aikata. A farkon 2024 magatakardan hukumar ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara 3. Waɗanda ke tafiya sau da yawa su ne gogaggun da ya kamata su koyar da na baya. Nas ɗin da ke riƙe da ɗaki guda shi kaɗai da dare, ko ya san ya kamata ya ƙirga numfashin kowa, lokaci ba zai bar shi ba. Sai rashin kayan awo masu aiki, da kuma tsoron da ƙaramin ma'aikaci ke ji na kiran babba. Horo yana gyara ilimi, amma waɗannan sai hukumomi sun sa hannu.

8.0 Kammalawa

An ga cewa duba mara lafiya shi ne tushen aikin jinya, kuma yawancin dabarunsa ba su buƙatar kaya masu tsada. An kuma ga cewa a gari mai harsuna da yawa kamar Maiduguri, nas yana iya ƙwarewa a awo amma bayani ya kuɓuce masa a wajen tambaya.

A nan ɗaliban harshe ke da abin yi. Mai neman batun kundin digiri zai iya tattara kalmomin ciwo da na sassan jiki kamar yadda ake faɗarsu a Hausar Maiduguri, ya kwatanta su da na Kanuri ko Babur. Wani zai iya nazarin hirar nas da mara lafiya, bayan samun izinin asibiti da na masu hirar. Sashen Hausa kuma zai iya haɗa gwiwa da sashen jinya a rubuta gajerun wasannin kwaikwayo na gwaji cikin harsunan gida, da ƙaramin ƙamus da zai shiga aljihun rigar nas. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an iya tambayarsa zai nuna wurin. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.